Ranar Da Baba Ya Ga Muryarsa

'Yan uwa masu bibiyata, yau sai kun yi haƙuri da ni idan na yi ta kwan-gaba kwan-baya. Abin da idona ya gani ranar Talatar nan, ni da nake taƙamar shekara uku ina karatun abin, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba.

Bari in fara da Baba. Shekara talatin da takwas ke nan yana koyar da tajwidi a makarantar da ke jingine da katangar gidanmu. In ya buɗe baki da karatu bayan asuba, mai sharar titi ma sai ya jingine tsintsiyarsa. Ni a cikin muryar nan na tashi. Na san mafitar haruffa tun ban iya ɗaura ɗankwali ba. Yakan kama yatsana ya ɗora a wuyansa ya ce, "Ji nan, Auta. Nan ainun take zaune, tsakiyar maƙogwaro. Kada ki tashe ta daga gidanta."

Wata biyar ke nan muryar ta fara dushewa. Da farko muka ce mura ce. Umma ta yi ta dafa citta da zuma har labulen falo ya kama ƙamshi. Mura ba ta tafi ba. Aka kai ga in ya ɗauko aya sai ta tsinke masa a tsakiya kamar tsohon zare, ya yi shiru, ya haɗiyi miyau, ya sake ɗaukowa. Ranar da ya kasa kai Fatiha ƙarshe a gaban ɗalibansa, ya shigo gida bai kalli kowa ba, ya rufe ɗakin littattafansa. Ranar na ga Umma tana wanke kofin da ta riga ta wanke.

Ni kuwa ina shekara ta uku a jami'a, ina karanta ilimin gyaran magana da murya. Yaya, babban wanmu, cewa yake karatun koya wa mutane magana nake yi, kamar iyayensu mata ba su koya musu ba. Goggo, ƙanwar Baba, ta ma fi shi iya zane mutum da baki.

"Ke ba likita ba, ke ba malama ba," in ji ta. "Jemage ke nan, ba ki ga tsuntsu ba ki ga dabba."

Ranar Juma'ar da ta wuce suka zaunar da ni a falo. Goggo ta gyara zaman mayafinta, ta ajiye jaka a cinya kamar alƙali.

"Auta, kin ga halin da mahaifinki yake ciki. Ajin mata ba mai riƙewa. Ki ajiye bokon nan haka, ki dawo makarantar gidanku. Ga Ustaz, tun bara ubanki ya yi masa magana. A yi abu a gama, ku riƙe makarantar ku biyu."

"Goggo, saura shekara ɗaya fa."

"Shekara ɗaya ta me? Wadda ta haddace izu sittin me za ta nema a wajen masu zanen maƙogwaro a allo?"

Yaya ya gyaɗa kai. Umma ta sunkuyar da nata. Baba yana ɗakinsa.

To, bari in gaya muku waye Ustaz, tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba. Shi ne babban ɗalibin Baba, shi yake riƙe da azuzuwan maza yanzu. Dogo ne, mara yawan magana, jallabiyarsa kullum kamar yanzu aka sauke ta daga guga. A wayata na sa masa suna Mai Gyara. Dalili kuwa, maganar farko da ta taɓa haɗa mu, ina shanya a bayan gida ina tilawa, sai na ji sallama daga bayan katanga, sannan aka ce, "Maddin nan huɗu ne, ba biyu ba." Shi ke nan. Ba sannu da aiki, ba ya gida. Na yi kwana uku ina jin haushinsa, na huɗu na duba littafi na ga shi ne da gaskiya, haushin ya ƙaru.

Ina sonsa? Kada ku yi min dariya. Na dai san sau nawa nake buɗe waya in duba ko yana kan layi. Abin da ke ci min rai shi ne ba wanda ya tambaye ni. Baba ya ba da, shi ya karɓa, kamar littafin aro. Kuma duk maganar barin karatun nan da ake yi, bai taɓa ce min uffan ba. Bai ce bari ba, bai ce ci gaba ba. Shirunsa ya fi bakin Goggo ciwo.

Ranar Lahadi na yi ta maza. Na kai wa Baba ruwan ɗumi, na durƙusa gefen kujerarsa.

"Baba, kai ka koya min a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Mun sha zuma, mun yi addu'a. Saura ɗaurin. A asibitin da nake koyon aiki akwai na'urar da ke leƙa maƙogwaro. Dubawa kawai za a yi."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Can ya ce da muryar nan tasa da ta koma kamar ana jan takarda a ƙasa, "Talata. Kada Yayanki ya ji tukun."

Kada ku zargi Yaya da yawa. Surukinsa da ƙafarsa ya shiga ɗakin tiyata, a kwance aka fito da shi. Tun daga ranar, in aka ce asibiti, wuƙa kawai Yaya yake gani.

Litinin da yamma waya ta yi ƙara.

Mai Gyara: Assalamu alaikum. Malam ya ce ni zan kai ku gobe. Ƙarfe takwas.

Ni: Wa alaikumus salam. To.

Mai Gyara: Akwai ciwo a abin da za a yi masa?

Ni: Kaɗan. Kamar ruwa ya wuce hanci wajen alwala.

Mai Gyara: Allah Ya sawwaƙe.

Ku duba fa. Har da aya a ƙarshen kowace jimla. Mutumin nan ko saƙon waya sai ya ba shi haƙƙinsa.

Da safe sau uku ina canza hijabi. Na sa ruwan toka na ga kamar mai zuwa ta'aziyya, na sa ruwan hoda na ce kar a ce don shi na sa, na ƙare a shuɗi mai duhu, na ɗora farar rigar asibiti a hannu. A mota, Baba a gaba yana jan carbi, ni a baya ina kallon ƙeyar Ustaz ina yi wa kaina faɗa.

Likitar kunne da hanci da maƙogwaro, wadda nake koyon aiki a ƙarƙashinta, gajeriyar mace ce mai tabarau a rataye da sarƙa. Ɗalibai tsoronta muke kamar me. Amma da ta ga Baba sai ta miƙe tsaye.

"Malam, sannu da zuwa. Ashe kai ne mahaifin sarkin tambayar nan."

Ɗakin ƙarami ne, sanyi ƙalau, sai warin maganin goge hannu. Kujera mai tsayi a tsakiya, allon talabijin a kan keken ƙarfe, tire cike da auduga. Baba ya cire hularsa ya miƙa wa Ustaz, shi kuma ya riƙe ta da hannu biyu kamar an ba shi ajiyar ƙwai. Likita ta fesa wa Baba magani a hanci, ta ɗauko wata baƙar igiya siririya, kaurinta kamar igiyar cajin waya, da ɗan haske a bakinta.

"Ranki ya daɗe," na ce a hankali, "ko za a juya masa allon ya gani?"

Ta harare ni ta saman tabarau, sannan ta sa ƙafa ta juya keken. Ta yi bisimilla, ta zura.

Da farko duhu ne da jan nama mai sheƙi, kamar ana tafiya a wani lungu da fitila. Aka yi kwana, aka gangara. Sai ga su.

'Yan uwa, na ga tantanin murya ya fi sau ɗari. Na zana shi a jarrabawa. Amma na Baba ne fa. Wasu 'yan tantani biyu farare, a haɗe ta gefe ɗaya, a buɗe ta ɗayan, kamar labulen ƙofa da iska ta ɗaga. Kowannensu bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba. In ya ja numfashi su buɗe, in ya sauke su matso.

"Malam, ce iii."

Ya ce. Labulen nan biyu suka haɗu suka kama rawa, rawar da ido ba ya iya bi.

"Sun fi sau ɗari suna haɗuwa suna rabuwa a daƙiƙa ɗaya," in ji Likita. "Muryarka ke nan."

Carbin Baba ya tsaya. Idonsa ya kafe a allon. Ya ɗaga yatsa ɗaya kamar ɗalibi a aji.

"Zan iya... harafi?"

"Bisimilla, Malam."

Ya furta hamza. Tantanin biyu suka rufe gam, kamar an buga ƙofa, suka sake buɗewa. Can ƙasa, a ƙurewar wurin.

"Ƙarshen maƙogwaro," Baba ya faɗa, kamar mai magana da kansa.

Ya furta ainun. Wannan karon sama da tantanin kaɗan, bangon wurin ya matso ta kowane gefe, wani ɗan nama mai kamar ganye ya kwanto baya, hanya ta tsuke.

"Tsakiya," in ji Ustaz daga bayana. Ban taɓa jin muryarsa tana rawa ba sai ranar.

Ya furta gainun. Tushen harshe ya taso daga sama har ya kusa rufe idon na'urar.

Ƙasa, tsakiya, sama. Mazauni uku, a jere, daidai yadda yake a littafin da Baba ya haddace yana yaro, wanda ya sa ni ma na haddace, wanda malaman da suka rubuta shi suka rasu ɗaruruwan shekaru kafin a ƙirƙiri ko ƙwan fitila. Ba su da na'ura, ba su da allo. Kunne kawai gare su, da tsoron kada harafi ɗaya na Littafin Allah ya kauce daga wurinsa. Suka saurara, suka saurara, har suka zana ɗakin da ba su taɓa shiga ba. Tsigar jikina ta tashi tun daga wuya har tafin ƙafa. Na ji Ustaz yana karanto baitocin mafitar haruffa a ƙasan numfashinsa, hular Baba a hannunsa.

"Gani ya kori ji," in ji Likita a hankali.

Baba ya girgiza yatsa, igiyar tana hancinsa, hawaye na bin gemunsa.

"Bai kore shi ba, Likita. Shaida... ya yi masa."

Likita ta yi gyaran murya.

"Shekara ashirin ina leƙa maƙogwaron mutane, ba wanda ya taɓa yi min darasin tajwidi a ciki. Malam, don Allah sake ainun ɗin nan. Tawa tun ina yarinya ba ta fita daidai."

Ya sake mata har sau uku. Likitar da muke gudu in mun hango ta, sai ga ta tana gwada ainun a bayan takunkumin fuska kamar 'yar aji ɗaya, Baba yana ɗaga mata hannu alamar ta ƙara sauko da ita.

Amma ni tun shigar na'urar na ga wani abu, na yi ta addu'ar idona ne. A tantanin hagu akwai ɗan tsiro, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Shi ne yake hana su haɗuwa sosai, iska na zurarewa ta gefensa. Likita ta tsayar da hoton a kansa, ta zare igiyar, ta miƙa wa Baba auduga. Ta zauna ta cire tabarau, kuma duk ɗalibinta ya san in ta cire tabarau magana ce mai nauyi.

"Malam, ba zan ɓoye maka ba. Wannan sai an cire shi an kai gwaji. Galibi irin wannan gajiyar aiki ce, masu koyarwa suna yawan samu. Amma gefensa bai kwanta min ba, kuma ba zan rantse a kan abin da ban gwada ba. Daga yau ka ajiye karatu da ƙarfi. Magana sai dole. Raɗa ma ban yarda ba, ta fi wahalar da shi."

"Muryar... za ta dawo?"

"Da yardar Allah. Amma ni cirewa na iya. Bayan nan sai an koya wa tantanin aiki daga farko, numfashi-numfashi, harafi-harafi, wata da watanni." Ta nuna ni da tabarau. "Wannan aikinsu ne. Kuma a cikinsu ba ni da wadda ta san inda ainun take zaune sai ita."

Baba ya juyo ya kalle ni. Kallon da ya yi min, ban san da me zan kwatanta muku shi ba. Kamar ya buɗe littafin da ya daɗe a kan kantarsa, ya tarar da babin da bai san yana ciki ba.

A mota, muna tsaye a danja, ya karya dokar Likita sau ɗaya.

"Shekara talatin da takwas ina nuna ƙofa daga waje. Yau aka shigar da ni." Ya shafa wuyansa. "Duk abin da na karanta, ta ɗan wannan naman ya bi. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya yi shi."

Ustaz ya ce subhanallah, ya manta an ba da hannu, sai da na baya suka ishe mu da ham.

Mun tarar da motar Yaya a ƙofar gida. Umma ba ta iya ƙarya ba, tambaya ɗaya ya yi mata ta faɗa. Baba na shiga ɗakinsa Yaya ya tare ni a baranda, idonsa jawur.

"Ke kika kai shi? Da izinin wa?"

"Da izininsa, Yaya."

"Za a yanka maƙogwaron da ya yi shekara arba'in yana karanta Alƙur'ani? Kin san abin da kike faɗa? Don kin rataya farar riga?"

"Ba yanka ba ne irin wanda kake zato. Ta baki ake..."

"Rufe min baki! Haka suka ce min wancan karon. Ƙaramin aiki ne, minti talatin." Muryarsa ta karye, ya juya baya. Na so in ji haushinsa, na kasa.

Kafin azahar Goggo ta iso, mayafi a karkace. Gidan ya koma kamar kasuwa, kowa na magana ba mai sauraro. Ni na shige ɗaki na kwanta da hijabina, ina ta maimaita bidiyon da Likita ta turo min bisa izinin Baba. Daƙiƙa hamsin da biyu. Hamza, ainun, gainun.

Bayan la'asar muka ji ana buga cokali a jikin kofi. Baba ne yake kira. Ya zauna a kan dardumarsa a falo, littafin rubutu a cinya, biro a hannu. Ya sa an kira Ustaz daga makaranta, shi kuma ya zauna can bakin ƙofa yana kallon kafet.

Baba ya rubuta shafi na farko ya miƙa wa Yaya. Yaya ya karanta, ya ajiye. Na leƙa. "Za a yi aikin. Wanda Ya saukar da cuta Shi Ya koya wa likita."

Ya rubuta na biyu ya miƙa wa Goggo. Ta nisantar da shi daga idonta ta karanta a fili, tana yi muryarta na raguwa.

"Auta ba za ta bar karatunta ba. Ranar Asabar za ta tara malaman makaranta ta nuna musu abin da na gani. Ustaz ya riƙe littafi, ita ta riƙe hoton. Duk inda ya karanta, ta nuna." Goggo ta ɗago. "Yaya Malam, hoton cikin wuyanka za a nuna wa ɗalibai?"

Baba ya gyaɗa kai, har da ɗan murmushi. Ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: "Ba nawa ba ne. Aya ce."

Sai ya rubuta na uku. Wannan ya daɗe a kansa, ya soke wani abu, ya sake. Ya yage shafin, ya ninke huɗu, ya miƙa wa Ustaz shi kaɗai. Ustaz ya buɗe, ya karanta. Ya sake karantawa. Ya durƙusa ya yi sallama ya fita, har yana tuntuɓe da takalmin Yaya.

Jama'a, na san zaman jiran sakamakon jarrabawa, amma bai kai wannan ba. Na wanke kofuna, na share falon da yake a share, waya na aljihun rigata kamar garwashi. Ana saura kamar rabin awa magariba ta yi ƙara. Hoto ne daga Mai Gyara. Rubutun Baba, mai kwanciya gefen dama.

"Bara na ba ka abin da ban gama sanin darajarsa ba, kuma ban tambayi mai shi ba. Na janye maganata. In kana so, ka nema da bakinka. In ta ce a'a, kana nan ɗana."

Na zauna a bakin gado. Wata nawa ina kukan ba a tambaye ni ba? Ga shi an sakar min wuƙa da nama, sai na tarar abin da nake tsoro yanzu shi ne kada ya ce ya haƙura.

Alamar yana rubutu ta fito. Ta ɓace. Ta sake fitowa.

Mai Gyara: Ban taɓa ce miki ki bar karatu ba saboda ban taɓa so ki bari ba, ban faɗa ba ne don ina ganin ba hurumina ba ne, yau na ga kuskurena

Mai Gyara: ina da tambaya ɗaya kuma ba ta tajwidi ba ce

Mai Gyara: ina ƙofar gida Umma ta sani

Ba aya. Ko ɗaya. Na karanta sau uku don in tabbatar.

Na ja hijabin da hannuna ya fara kaiwa, ban ma duba launinsa ba. Na wuce Umma a kicin, ta yi kamar tana neman wani abu a cikin firij, amma na ga kafaɗarta na rawa da dariya. Na ratsa baranda. Ta ramin ƙofa ina hango gefen farar jallabiya.

Na kai hannu ga sakata ke nan, wani hannu ya riga ni. Yaya ne. Mukullin mota a yatsansa, fayil ɗin asibitin Baba a naɗe a hammatarsa.

"Koma ciki," ya ce, ba tsawa, kuma rashin tsawar ne ya sa gabana ya faɗi. "Gobe da sassafe zan tafi da Baba wajen mai maganin gargajiyar da na sani. Ina raye ba mai sa masa ƙarfe a wuya."

Daga waje aka ƙwanƙwasa ƙofar a hankali, sau uku.